Wanda Ya Bugi Kawu Harlan

Dothan, Alabama
14 ga Satumba, 1987

Goggo Vernice,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Kawu Harlan da tsohon karen nan naku da ya ƙi mutuwa. Ya ciwon gwiwar? Ni dai garau nake, in ban da haƙori ɗaya da ke girgiɗi. Shi ma ba a dandalin kokawa na samo shi ba, wata tsohuwa ce a Columbus ta jefe ni da kwalbar lemo, kuma ta iya saiti.

Kada sunan da ke bayan ambulan ya ba ki mamaki. Daga yau ni ne 'Yar'uwa Opal ta ƙungiyar matan coci. Kin san Clete mai kai muku wasiƙu, tun yana yawo da gajeren wando bai taɓa fashin kallon kokawa ba. In ya ga sunan Doyle Sizemore a kan wasiƙar gidan Tackett, kafin la'asar duk Cutler Springs ta ɗauka. Waya kuwa ba ta taso ba, tunda layinku na haɗaka ne, in ta yi ƙara gida huɗu ke ɗagawa.

Goggo, mun ci kasuwa! Na san kin ƙi kallo, to bari in ba ki. Ranar Asabar a talabijin, ni da ɗanki Wade muna tsaye kafaɗa da kafaɗa kamar kullum, kambun zakaran yankin Tuddai na kan teburi a gabansa. Na ɗauki kambun kamar zan goge masa, na sauke masa shi a ƙeya. Sai ga Kawu ya hawo da sandarsa, ya ce, "Doyle, ni fa na koya maka ɗaura takalmi." Na dube shi sama da ƙasa, na ba shi nasa a goshi. Wallahi Goggo, mutum mai shekara sittin da takwas, ya faɗi faɗuwar da ni kaina sai da gabana ya faɗi. Nan take aka fara jifa da kujeru.

Masu kallo sun san ku kuka riƙe ni tun ina ɗan shekara goma sha biyu, duk da dangantakar tamu sai an bi ta kaka da kakanni kafin a gano ta. Abin da ya ƙona musu rai ke nan, kuma Kawu ya faɗa tun ranar da ya tsara mana abin a kicin ɗinki. Yanzu an farke mini tayoyi har sau biyu, wani mai gidan abinci ya ce babu abincina a wurinsa. Ban taɓa jin daɗin sana'ar nan kamar yanzu ba.

Ga babban labarin. Mako mai zuwa zan ƙwace kambun daga hannun Wade da maguɗi. Ranar bikin Godiya kuma, a ƙarshen Nuwamba, Mista Stovall mai kamfaninmu zai haɗa mu a Knoxville, wanda ya faɗi ya bar yankin. Kuma ba 'yan cikin zaure kaɗai za su gani ba. Wasan biya-ka-kalla ne, irin wanda manyan kamfanonin Arewa suka fara, mutum yana kishingiɗe a falonsa ya biya kamfanin wayar talabijin a buɗe masa. Stovall ya ce bai taɓa yi ba, kuma in wannan bai ci ba, ba zai sake samun halin yi ba. Zai ci. Ki rubuta ki ajiye.

Ki tambayi Kawu, yaya hannuna? Na tsayar da kambun kafin ya taɓa shi sosai, kamar yadda ya koya mini. Ina son in ji daga bakinsa.

Ɗanki,
Doyle

Cutler Springs, Tennessee
23 ga Satumba, 1987

Doyle,

Na samu wasiƙarka, ko in ce ta Opal. Clete ya miƙo mini ita da hannu biyu yana cewa Allah ya yi wa matan coci albarka da suke tunawa da mu a wannan hali. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Kare ma yana nan, ya fi mu duka lafiya.

Ka ce na ƙi kallo. Wa ya gaya maka? Na kalla ta ƙofar kicin. Ka cika zare ido, amma ba laifi.

Wannan biya-ka-kallan da kake ta yi wa kirari kamar ku kuka ƙirƙiro duniya, zauna in ba ka labari. Lokacin da na auri kawunka a rumfar tanti ake kokawa, a filin baje koli da ma'ajiyar ganyen taba, ni ke yaga tikiti a ƙofa. Da talabijin ya zo aka ce shi ke nan, wa zai fito da ƙafarsa ya biya ga na kyauta a gida? Sai zaure ya fi da cika. Aka zo ana haska wasa a bangon gidajen sinima, aka ce yanzu kam ƙarshe ya zo. Ga mu nan. Akwatin ne ke canzawa, ɗana. Abin da ake sayarwa ɗaya ne tun fil azal, mutum ya tsani wani har ya biya don ya ga an yi masa duka. Ranar da ya daina yarda, ko a kyauta ba zai kalla ba.

Kambun nan da za ka ƙwata, ka riƙe shi da mutunci ko da kana taka shi a gaban mutane. Sau huɗu kawunka ya ɗaura shi, kuma duk a hannun mutum ɗaya ya karɓa ko ya rasa, wato Baƙin Dodo mai rufe fuska. Shekara goma sha ɗaya suna gaba. An ƙona motar Dodo a Bristol saboda Harlan. To, Dodon nan Amos Ledbetter ne, wanda ya tsaya masa a matsayin babban aboki ranar aurenmu. Duk ƙarshen wata su biyu suna bukkar bakin tafki suna kamun kifi, kowa ya bi tasa hanyar, ni ke soya musu kaza. Ko uwata ta mutu ba ta sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kawunka yana asibiti tun ranar Laraba. Ya faɗi a banɗaki, muka kai shi, sun riƙe shi. Gari ya ɗauka dukanka ne. Fasto ya sa sunansa a addu'a ranar Lahadi, naka kuma ya ce ba zai ambata a ɗakin Ubangiji ba. Kwanukan abinci sun cika mini firiji har na rasa inda zan sa madara. Maza biyu daga kamfanin katako sun yi rantsuwa a shagon aski a kan abin da za su yi maka, kuma ba wasa suke ba.

Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo kan tambayarka bai amsa ba, barci na fizgarsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gaya wa yaron nan kada ya kuskura ya tako garin nan. Ko bakin asibiti kada in ji an gan shi." Na isar.

Ka ci abinci na gaske, ba wainar gidan mai ba. Ka sa a duba haƙorin.

Goggonka,
Vernice

Gadsden, Alabama
1 ga Oktoba, 1987

Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu, Allah ya ba shi lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Na karanta wasiƙarki har takardar ta yi laushi. Kin ba ni tarihin tanti da na Dodo shafi biyu, maganar Kawu kuma layi huɗu. Me likita ya ce? Kansa ne? Goggo, ki gaya mini gaskiya, ni ne? Na zauna ina ta juya abin. Kambun nan yana da wani ƙarfe a gefe da ya ɗan tashi, na sha cewa a gyara. Kuma da ya faɗi na ji ƙarar kansa a katako, na ɗauka gwaninta ce. Na tambaye shi yaya hannuna, ya yi shiru, sannan ya ce kada in tako garin. Ai ko yaro ya san ma'anar wannan.

Wade ma ba ya samuwa. Kin san doka, ɗakin canza kayan jarumai irinsa daban, namu na miyagu daban, mota daban, masauki daban. Alƙalin wasa ne ke kai saƙo tsakani, shi kuwa in ba maganar yadda za a ƙare wasa ba, ba ya ɗaukar komai. Inda kawai muke magana shi ne cikin dandali. Jiya ya shaƙe ni a hammata, na sa baki a haƙarƙarinsa na ce, "Ya jikin Kawu?" Ya ce, "Da sauƙi. Ja gashina, mutane sun fara hamma." Na ja. Na ce, "Ni ne na ji masa?" Ya ce, "Jefa ni kan igiya, sakarai." Iyakar abin da na samu ke nan, ga mutum dubu biyu suna zagin uwata.

Kambun yana hannuna yanzu, yana cikin jaka ƙarƙashin gado, ko buɗe shi ba na son yi.

Na yanke shawara. In ni ne, zan hau talabijin ranar Asabar in faɗi cewa shiri ne, mutumin nan ubana ne, sannan in kamo hanya in zo in durƙusa a gaban gadonsa. Stovall ya yi abin da zai yi da ranar Godiyarsa. Ki amsa mini a masaukin nan, ina nan har ranar Talata.

Doyle

Rome, Georgia
19 ga Oktoba, 1987

Goggo,

Gaisuwa. Ina fata dai lafiya, don shirun ya yi yawa.

Na jira a Gadsden har Laraba, babu komai. Asabar biyu na tsaya gaban makirufo da maganar a bakina, sai in tuna ban ji daga gare ki ba, in haɗiye, in zagi Wade. Wade kuma an ba shi hutu ya dawo gida, ko hammatar tasa na rasa.

Ranar Lahadi na tuƙo har asibitin. Na tsaya a tsallaken titi da hula har hanci. Na ga mutane a ƙofa da furanni, wani yaro riƙe da kwali an rubuta "Kawu Harlan tashi ka rama". Na ga motarki. Na kashe inji, na kunna, na kashe, sannan na juya.

In kin yi fushi da ni ne, ki zage ni a rubuce, na saba. Shirun ne ban iya ba. Daga yanzu ki aika ta akwatin gidan waya na Rome, lamba tana bayan ambulan.

Doyle

Cutler Springs
24 ga Oktoba, 1987

Kai ja'irin yaro,

Lafiyata lau, tunda ka tambaya a gurguje. Na amsa maka tun ranar da wasiƙarka ta zo. Amsar ta je Gadsden ta tarar ka tashi, ta yi yawonta ta dawo mini shekaranjiya. Clete ya kawo ta yana jajanta mini cewa 'Yar'uwa Opal ta ƙaura ba sallama.

Buɗe kunnenka da kyau. Ba kai ba ne. Ciwon daji ne a hanjinsa, tun watan Afrilu likita ya gaya mana, kuma ya ce ba na aiki ba ne. Kawunka ya hana a gaya muku, kai da Wade, don ya san hannunka zai yi sanyi. Ka ɗauka don me tsoho da ya yi shekara goma sha biyar rabonsa da dandali zai zaunar da ku a kicin ya ce a buge shi? Ya ce da ni, "Vernice, ba zan mutu a kan kujera ina kallon kamfanonin Arewa suna cinye mu ba. Faɗuwa ɗaya ta rage mini, zan sayar da ita da tsada." Ya sayar kuwa.

Da na karanta masa shirmenka na hawa talabijin, sai da ya yunƙura zai tashi, ga robobin ƙarin ruwa a hannu. Ya ce, "Ya yi me? In ya fasa mini wasa zan taso daga kabari in karya masa wuya." Da ya huce ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: "Hannunsa kamar gashin tsuntsu. Ban ma ji ya taɓa ni ba. Ƙarar da ya ji tafin hannuna ne a katako, wawa, wa ya koya masa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya ce kada ka zo, ba korarka ya yi ba. In aka gan ka a gefen gadonsa kana riƙe da hannunsa, faɗuwarsa ta tashi a banza ke nan. Ni ma da laifina da ban fayyace ba, na ɗauka ɗan gida ba ya bukatar fassara.

Ba zan ɓoye maka ba, ba zai kai ranar Godiya ba. Wataƙila ba zai ga ƙarshen watan nan ba. Ba za ka gan shi da rai ba, Doyle, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Amma ga nawa. Ranar da aka binne Amos, Harlan bai je ba, don a idon duniya maƙiyinsa ne. Ya sa baƙin kwat ɗinsa, ya shiga mota a cikin gareji, ya zauna tun safe har la'asar. Na kai masa kofi ya huce a hannunsa. Shi ya ce haka sana'a ta gada. Ni ban taɓa yarda ba, shiru kawai na yi. Ba zan sake ganin ɗan gidana a cikin gareji ba.

Saboda haka in ta faru, alƙalin wasa zai gaya maka rana da lokaci, na riga na ja masa kunne. Ka zo maƙabartar coci. Ka zo da baƙar motarka, da baƙin tabarau, da taunar cingam ɗin nan mai ban haushi. Ka jingina da ƙofa kamar ka zo kallon ƙwallo. Kada ka yi sanyi, kada ka sunkuyar da kai. Sauran aikina ne. Shekara talatin da tara ina auren ɗan kokawa, ka ɗauka kaza kawai nake soyawa?

Goggonka

Rome, Georgia
8 ga Nuwamba, 1987

Goggo,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi hutawa. Ni lafiya, sai dai haƙorin nan ya fita. Ke kika ƙarasa shi, kin huta da yi mini faɗan likita. Me kika sa a jakar nan, guduma?

Kin ga abin ta gabanki, bari in gaya miki yadda yake ta wajena. Na tsaya a ƙofar maƙabarta. Na hango akwatin gawar, na hango Wade, na ce a raina ba zan iya ba. Wata mata ce ta fara ganina, ta ce, "Ubangiji! Ga shi can!" Fasto ya tsaya a tsakiyar aya. Mazan kamfanin katako suka fara tuɓe kwat. Ɗayansu ya ce, "Yau sai dai a haƙa rami biyu." Ni kuwa ina ta taunar cingam kamar yadda kika ce.

Sai na ji muryarki. "Kowa ya tsaya! Kada wanda ya taɓa shi. Nawa ne." Kika ratso mutane da gwiwar da kike cewa tana ciwo. Duka na farko na gan shi yana zuwa na bi shi. Na biyun ne ya zo mini ba sallama. Kika cafki kwalata kika ce, "Ka zo kallo ko? To zo ka gani da kyau, maci amana!" Kika ja ni, mutane suna darewa, wani ya tofa mini yawu a kafaɗa, Clete yana ihu, "Ƙara masa, Misis Tackett!" Sai da muka kai bakin ramin na gane inda kike kai ni.

"Durƙusa!" Na durƙusa. "Cire tabarau, ka dubi mutumin da ya ciyar da kai!" Na cire. Kika danna kaina ƙasa, kika tsaya a kaina, babbar rigarki ta sanyi ta rufe ni ta gefen mutane. Kika sa baki a kunnena kamar za ki tsine mini, kika ce, "Yi kukanka, ɗana, na tare ka. Babu mai gani."

Na yi, Goggo. Na gaya masa abin da nake son gaya masa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji kina ta surfa mini zagi da ƙarfi don ki rufe sautina, har da wasu kalmomin da ban san kin sani ba, a gaban fasto. Sannan kika ce, "Ɗebi ƙasa! Da hannun da ka buge shi za ka zuba masa!" Jama'a suka ce haka ne, ya zuba. Ni na fara zuba wa Kawu ƙasa, kafin Wade ma. Da na ɗago ido Wade yana hararata kamar zai cinye ni, hawaye na zuba, ya ɗan gyaɗa kai yadda yake yi in ya ce in ci gaba.

Kika ce a hankali, "Mayar da tabarau kafin ka tashi. Ka fizge, kada ka tafi salin-alin." Na fizge, na kakkaɓe gwiwata, na ce da Wade, "Mu haɗu a Knoxville, maraya." Mutum huɗu suka riƙe shi. Wannan kalma ta fi dukanki zafi a bakina, ki ba shi haƙuri.

Na tuƙa har na fita daga gundumar kafin na tsaya. Ƙasar tana cikin farcena, ban wanke ba sai washegari.

Stovall ya kira ni ofis yana zufa, ya ce wa ya ba ni izinin zuwa jana'izar, sannan ya ce wayar kamfanin talabijin ba ta huta ba tun ranar. Ya ce wa ya tsara? Na ce wani tsohon hannu ne, ba ka san shi ba.

Ki kalli wasan, Goggo, ba ta ƙofar kicin ba. Zan faɗi faɗuwar da za a daɗe ana labari.

Ɗanki,
Doyle

Cutler Springs
29 ga Nuwamba, 1987

Doyle,

Na samu taka, na gode da ta'aziyya. Muna nan muna haƙuri. Gidan ya yi faɗi. Karen yana kwana a kan takalman kawunka, na bar shi. Abin da ke cikin jaka kuwa littafin waƙoƙin coci ne, mai bangon katako.

Na kalla. Wayar talabijin ba ta iso layinmu ba, sai Clete ya gayyace ni gidansa, ya ce bai kamata in zauna ni kaɗai ranar Godiya ba. Rabin garin na falonsa, wasu a taga, kowa da farantin talo-talo a cinya, ba wanda ya ci. Aka ba ni kujerar gaba. Da ka fito kana jan kambun a ƙasa, matar Clete ta jefi akwatin talabijin da cokali. Da Wade ya ɗaga ka ya yi maka kayen ubansa, alƙali ya buga ɗaya, biyu, uku, sai falon ya tashi, miya ta zube a kan kafet, fasto yana tsalle kamar ɗan maraƙi. Clete ya durƙusa a gabana yana kuka, ya ce, "An rama masa, Misis Tackett, an rama masa." Na ce an rama, Clete.

Faɗuwarka ta yi. Ƙafar hagu ta ɗan riga sauka, da kawunka yana nan da ya yi maka magana, amma ta yi. Wade ya ce Stovall yana yawo yana rungumar mutane, har ya fara maganar wani wasan a bazara. Tantin ya koma akwati, kuma mutane sun yarda. Abin da Harlan ya saya da faɗuwarsa ke nan.

Yanzu kai korarre ne, an ce Texas za ka. Kafin ka tafi, bukkar bakin tafki tana nan, makulli yana ƙarƙashin tsohon injin jirgin ruwa. Ran jajiberin Kirsimeti ka biyo ta hanyar Dodo, wato ta bayan ma'aikatar katako. Wade zai bi ta ubansa. Ni zan zo da kaza da burodin masara. Ka aro wata motar, ban da baƙar nan.

Jiya Clete ya kawo mini katin ta'aziyya ya tsaya yana juya hula. Ya ce abu ɗaya ke damunsa, mutum kamar Harlan a ce ɗa ɗaya tak ya tsaya masa a bakin kabari. Na ce haka Allah ya so, na rufe ƙofa.

Na binne mijina, 'ya'yana biyu suna tare da ni a gefena, Doyle. Mu uku muka sani, sai shi.

Ka gaida Opal, ka ce ta ci gaba da rubutu.

Goggonka,
Vernice